Dashe a Ɗakin Baba

Mahaifina manomi ne, ban taɓa saninsa da wata sana'a ba. Gidanmu yana cikin garin Lafiya, gonarsa kuma tana can bayan Akurba, a zamanin da Akurba ɗin kanta ƙauye ce, in ka wuce ta sai gonakin doya da daji. Da ya idar da sallar asuba yake hawa kekensa, ba ma sake ganinsa sai rana ta yi sanyi. Yana noman doya da rogo da agushi kamar kowa, amma da kayan miya aka fi saninsa. A gangaren gonar akwai ɗan rafi wanda ba ya ƙafewa ƙaf ko da rani. A bakinsa Baba yake rainon irin tumatir da attaruhu da gauta tun ana tsakiyar zafi, ya yi musu rumfar ciyawa, yadda da damina ta zauna shi dashe kawai zai yi, wasu kuwa a lokacin suke cigiyar iri.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba. Uwata yake ce mini, ko a gaban baƙi, ko yana cikin faɗa. Mu biyu muka rayu a wurin Inna, ni da yayana namiji, wanda tun yana saurayi ya zaɓi gyaran babur a bakin tasha, ya bar wa Baba fartanya. Ni kuma na gama makarantar horon malamai, ina koyarwa a wata firamare cikin gari. Farkon shekarun tamanin ke nan, muna cikin jihar Filato tukuna.

Wata rana da kaka, ana cikin haƙar doya, Baba ya faɗi a gona. Maƙwabcinsa na gona, wani dattijo ɗan ƙabilar Tibi da suka daɗe suna raba iyaka da ruwan sha, shi ya tsince shi kwance tsakanin kunyoyi, ya goya shi har bakin titi, ya tare mota. A asibiti suka ce hawan jini ne. Ya dawo gida da ransa, amma hannun dama da ƙafar dama sun daina jin maganarsa, bakinsa ya karkace, harshensa ya yi nauyi. In ya kira ni, "Wata" kaɗai ke fitowa.

Ciwon bai ba mu tsoro kamar shirun da ya biyo bayansa ba. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya ko ranar sallah, sai ga shi kwance yini guda yana kallon bango. In masu dubiya suka shigo, ya rufe ido kamar mai barci. Ya ƙi cin abinci da hannunsa, wai shi bai taɓa kai loma baki da hagu ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Inna ke ba shi a baki, ya karɓi kaɗan ya kau da kai. Kekensa yana jingine a zaure har tayoyin suka sace.

Dole ta sa Yaya ya karɓi gona. Yakan leƙa ta da safe, sannan ya wuce wurin aikinsa. Ɗakin Baba kuwa ba ya shiga. Daga bakin ƙofa yake tsayawa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya tashi da sauri. A lokacin na ɗauka taurin zuciya ne. Sai daga baya na gane ba ya iya kallonsa ne a haka.

Da damina ta sauka babu wanda ya raini iri, sai Yaya ya sayo dashe a kasuwa ya dasa. Tumatirin ya yi kyau kuwa, manya-manya, sumul-sumul. Ranar da ya yi tsinkar fari, da kansa ya ɗauko kwandon, ya shiga da shi har gaban gado, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Baba, ga na fari daga gonarka."

Baba ya ɗauki ɗaya da hagu, ya juya shi, ya latsa da babban yatsa, ya kai hanci. Sai ya sake shi ya gangara ƙarƙashin gado.

"Ruwa," ya ce.

"Ruwa za ka sha, Baba?" Na yunƙura zan ɗebo.

"Ruwa ne a cikinsa. Ba nawa ba ne."

Yaya ya ɗauki kwandonsa ya fita. A tsakar gida na ji yana ce wa Inna, "Ni dai na yi iyakar ƙoƙarina. In nasa yake so, ya tashi ya shuka."

"Kai, rufe mini baki," in ji Inna, "yana jin ka."

Ya ji kuwa. Bai ce komai ba ran nan, bai ce ba har kaka ta wuce, sanyi ya wuce. Sai da zafi ya fara kankama, mangwaron tsakar gidanmu ya fara ɗaura 'ya'ya, sannan wata rana na dawo daga makaranta ya kira ni.

"Wata. Gora."

Ya nuna mini saman ɗaki da haɓarsa. Can jikin azara akwai 'yan ƙananan goruna a rataye, an toshe bakinsu da totuwa. Na taka turmi na sauko da su. Irinsa ne a ciki, a cuɗe da toka don kada ƙwari su ci, kowane iri da goransa. Ya sa na zuba masa kaɗan a tafin hannu, ya hura tokar, ya daɗe yana kallo. Sannan ya shiga faɗa mini abin da yake so. Maganar ta ɗauke mu lokaci, yana faɗa ina maimaitawa, in na yi kuskure ya buga katifa. Baƙar ƙasa yake so daga gindin ɗorawar da ke saman gonar, da yashi daga rafi, da kashin shanu daga ruga, amma tsoho wanda ya bushe ya zama gari, ba ɗanye ba.

Ran Asabar na je, maƙwabcin nan ya taya ni haƙa, Yaya ya ɗauko buhunan a bayan babur ɗinsa. Bai tambayi ko na mene ne ba, ya jibge su a ƙofar ɗakin ya tafi. Inna ce ta tambaya.

"Malam, ƙasa a ɗakin kwana? Gyare da kunama za ka tara mana. Ga tsakar gida nan fili, a yi maka a can mana."

"Kaji," ya ce. "Awaki. Ƙadangaru."

"Sai a kewaye da kara."

Baba ya ce, "A waje ba na gani."

Inna ta juya. Ta je ta ɗauko tsohuwar rariyarta ta miƙo mini.

Shekarun nan ne da madara da sabulu suka yi wuya, sai an bi layi, don haka ko gwangwanin da ba kowa a ciki ba a yar da shi. Na bi gidajen maƙwabta da abokan aiki ina roƙo, aka tara mini na madara da na tumatir da na kifi. Muka haɗa da wani tsohon daro da gindinsa ya huje, da fasasshen masaki, da tukunyar da ta tsage. Na huda gindin gwangwanayen da ƙusa. Baba ya ce sai an soya ƙasar a wuta tukuna, don a kashe ƙwayayen ƙwari da irin ciyawa. Inna ta ɗora tsohuwar tukunya a murhu tana juyawa da muciya kamar mai suyar gyaɗa, tana mita.

"Na soya nama, na soya ƙosai, yau ni ce da suyar ƙasa. Allah Ya sa kada maƙwabta su leƙo."

Ranar shuka ba ta yi daɗi ba. Na zaunar da shi a ƙasa, ya jingina da gado, na jera masa gwangwanaye. Irin tumatir ƙanana ne, hannun hagu kuma bai saba ba, ga rawa yana yi. Ya ɗebo ya zube masa a cinya. Ya sake ɗebowa suka zube wuri ɗaya. Na miƙa hannu zan taimaka, ya make ni. A ƙarshe ya ture gwangwanin, ƙasa ta watse a ɗaki, ya ce in mayar da shi gado. Na share na fita. Na je bayan ɗaki na yi kukana, na wanke fuska.

Washegari ya ce a sauko da shi. Ashe ya kwana yana tunani. Ya sa na baza irin a faifai, ya lashi kan yatsansa, ya dangwali ƙwaya ɗaya ta manne, ya kai ta kan ƙasa ya danna a hankali. Haka ya yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, harshensa a waje kamar ɗan aji ɗaya mai koyon rubutu. Ni aikina in barbaɗa rairayayyar ƙasa a kai, ba da yawa ba, in tsoma bakin tsintsiya a ruwa in yayyafa, sannan mu rufe da jiƙaƙƙen buhu. Muka jera su a ƙarƙashin 'yar tagar ɗakin, ita kaɗai ce, tana kallon gabas.

Kafin mako ya zagayo, na dawo daga makaranta Inna ta tare ni a zaure.

"Yi maza, tun hantsi yake tambayar ko kin dawo."

Na shiga na tarar ya sauko daga gado shi kaɗai, ya ja jiki har bakin taga, ya yaye buhun. Tumatir ya tsiro. 'Yan wuyoyi ne farare a lanƙwashe, wasu sun miƙe da ɓawon irin a kansu kamar hula. Ya nuna mini su da yatsa, ya dube ni, sai ya yi dariya. Rabin bakinsa ne ya yi dariyar, da wata murya da ban san shi da ita ba, amma dariya ce. Da aka kawo tuwo ya ce a ba shi cokali. Ya ci da hagu, miya tana zuba a rigarsa, bai kula ba. Inna ta tsaya tana kallo, can ta ce bari ta duba wuta, ta fita. Babu wata wuta a murhu a lokacin.

Gauta ta biyo baya. Attaruhu ya yi shiru har na ce ko irin ya mutu, shekara biyu ke nan a gora. Baba ya girgiza kai, ya ce shi haka yake, ba ya son a matsa masa. Da ya tashi fitowa kuwa ya fito gaba ɗaya, sai dai ɓera ya rigaya ya tone daro guda, dole muka karɓo 'yar kyanwa daga maƙwabta.

Bayan nan wasu tsirrai suka fara faɗuwa. Lafiya lau da yamma, da safe ka tarar sun kwanta, gindinsu ya tsuke ya yi baƙi. Baba ya cusa yatsa cikin ƙasar, ya zaro shi jagab.

"Wa ya shayar da su?"

Na ce ni dai sau ɗaya nake yayyafawa, kamar yadda ya ce. Ya juya ya dubi Inna, wadda ke naɗe tabarma kamar ba ta ji ba.

"Ke ce."

"To, Malam, wannan zafin ko mutum ai yana shan ruwa fiye da sau ɗaya. Tausayi suka ba ni."

Ashe ita da ta fi kowa mita, in yana barcin rana sai ta lallaɓo da buta. Ya sa aka barbaɗa musu toka, aka hana su ruwa kwana biyu, sauran suka tsira. Daga ranar ya riƙa kiran su 'ya'yanta in yana so ya tsokane ta.

Babbar matsalar haske ce. Tsirran suka yi tsawo, sirara, launinsu ya koɗe, duk sun karkata suna leƙen taga. Muna juya gwangwanayen safe da rana, su sake karkatawa. Baba ya ce sai an ƙara taga a bangon kudu. Ni na kai wa Yaya saƙon, don har lokacin ta bakina suke magana.

"A fasa bango saboda tumatir?" ya ce. "Ke ma har da ke? Ina amfanin karatun naki?"

Na koma na ce wa Baba Yaya yana dubawa. Ran Lahadi da safe sai ga shi da magini, ba sanarwa. Aka fitar da Baba gindin mangwaro, aka fasa bango, aka sa taga mai faɗi da waya. Da yamma Yaya ya dawo da wani abu da ya ƙera da guntayen ƙarafan wurin aikinsa, hawa-hawa kamar matakala, yadda kowane gwangwani zai sami rana. Ya shiga da shi ɗakin, yana ta gyara masa zama, gumi yana zuba, bai ko kalli gado ba. Baba yana binsa da ido. Can ya ce, "Matsa shi gabas kaɗan." Yaya ya matsa. "Ya isa. Allah Ya yi maka albarka." Yaya ya ce amin, murya can ƙasa. Bai fita ba ran nan sai da aka kira magariba. Shi ya jera gwangwanayen da hannunsa.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma, sai aikin fitar da su ya zo. Baba ya ce tsiron da ya tashi a ɗaki, in aka kai shi rana kai tsaye ƙonewa zai yi. Kullum kafin in tafi makaranta mu kwashe su zuwa gindin mangwaro, mu kifa musu kwanduna saboda kaji, Inna ta mayar da su kafin rana ta take. Kowace rana a ƙara musu lokaci, a rage musu ruwa. Jikinsu ya yi kauri, ganyen ya yi duhu, gashi ya fito a karan tumatir.

Ruwa ya zauna. Yaya ya aro akori-kura a wurin wani abokinsa don kwasar dashe. Muna cikin lodi ya shiga ɗaki ya fito da katifa ya shimfiɗa a baya, ya koma ya sungumo Baba kamar yaro. Ba wanda ya shirya haka. Inna tana ta "Kai, a hankali, ka san jikin nasa," amma ita ta miƙo hularsa.

Rabonsa da hanyar nan tun ranar da aka goyo shi. Ina zaune kusa da shi ina riƙe da daron gauta, shi kuwa kansa a sama, yana kallon kowace bishiya. Da muka wuce Akurba muka sauka daga titi, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso, na ga yana buɗe hanci. Maƙwabcin gonar ya hango mu, ya yar da garma ya taho a guje. Hausarsa irin ta yawancin mutanen wajenmu ce, ba ta raba mace da namiji.

"Malam! Malam, ka dawo! Gona ya yi kewarka, wallahi ya yi kewarka. Kullum yana tambaya na."

Ya riƙe hannun Baban na hagu da hannu biyu, yana jijjigawa, yana dariya, hawaye na bin fuskarsa. Aka shimfiɗa katifar a gindin ɗorawa. Baba ya ce shi ba katifa ya zo hawa ba, a ajiye shi a ƙasa. Ya sa na cire masa takalmi, na miƙar da matacciyar ƙafar a kan ƙasa mai laima. Ya ce yana jin sanyi a cikinta. Likita ya riga ya gaya mana ba ta jin komai, amma ba wanda ya musa masa, ni ma har yau ban tabbata ba. Daga nan ya yi ta ba da umarni da sandarsa, mu uku muna dashe har rana ta faɗi. Wurin nan yanzu gidaje ne. Tun da Lafiya ta zama babban birnin jiha aka yanka shi fuloti-fuloti, an sare ɗorawar, rafin ya koma kwalbati. Na taɓa zuwa na kasa gane ko ta ina muke shiga.

Tumatirin wannan shekarar ƙanana ne masu tsaga-tsaga, ba su da kyan gani, amma kaɗan ke kama miya. Mafi kyawunsu ba a ci. Baba ke zaɓa, a bar su su nuna luguf, in matse su a ƙwarya, a bar su su yi tsami, a wanke, a shanya a inuwa, a cuɗa da toka a mayar gora.

Haka abin ya zama al'adar gidanmu kusan shekara goma. Da zafi ya shigo, ɗakin Baba ya koma kore. Labari ya bazu, mutane suka fara zuwa neman dashe, wasu kuma su zo da nasu irin ya raina musu. Wata mata 'yar ƙabilar Eggon mai sayar da kayan miya ta kawo masa irin wata gauta mai ɗaci ta kan dutsensu, suka yi ta musu kan ko tasa ta fi. Mutumin da yake rufe ido in an zo dubiya, sai ga shi ana neman wurin zama a ɗakinsa. Ni kuma na yi aure na koma Shabu, amma ban yi nisa ba. In an tashi daga makaranta sai in hau babur ɗin haya in zo, in koma kafin duhu.

Waɗannan yammacin su nake kewa fiye da komai. Ba abin da ke faruwa a cikinsu. Rana tana shigowa ta tagar kudu, kyanwa tana barci a kan buhu, ina zaune a ƙasa muna rage tsirran da suka cunkushe. Baba ba ya son wannan aikin. Duk wanda na cire, maimakon a yar, sai ya ce in nemo masa wani gwangwani, har wurin sa ƙafa ya gagara a ɗakin. Hannunsa kullum yana ƙanshin ganyen tumatir, in ya dafa kaina ƙanshin ya bi ni har Shabu. A irin wannan zaman ya gaya mini gautar nan ta mahaifiyarsa ce, daga wajen Ashige ta zo da irin a ƙulle a bakin zane. Wani abin mamaki, tun da ya kwanta Gwandara ta fi Hausa saurin fita a bakinsa, yaren da ya sha a nono ya kuma bari tun yana saurayi. Da shi yake yi wa tsirran magana, ƙasa-ƙasa, yana shafa su da bayan yatsa. Ina tsintar kalma nan da can, don yaren yana kama da namu, amma yawanci wucewa yake. Nakan ce zan tambaye shi me yake ce musu. Sai in ga kamar shiga zancen da ba nawa ba ne, in bari.

Cikin zafi Baba ya rasu, tsirran sun fara fitar da ganyen gaske. Ina cikin aji na hango Yaya tsaye a bakin ƙofa da kayan aikinsa, baƙin mai har gwiwar hannu. Bai taɓa zuwa makarantarmu ba. Na ajiye alli na bi shi har gida. Inna ta ce da hantsi ne, yana zaune jingine da bango kusa da taga, ta ɗauka gyangyaɗi yake yi, har ta rage muryar rediyo.

Gida ya cika da masu ta'aziyya. Inna ta shiga takaba, ta ɗauki tabarmarta ta koma ɗakinsa. Kowace safiya ta yayyafa wa tsirran ruwa, ta juya su, in lokacin fitarwa ya yi ta sa matan da suka zo gaisuwa su taya ta kwasa. Wata gwaggonmu ta ga abin ya yi yawa.

"Haba, ki bar wahalar da kanki. Mai su ya tafi."

"Shi ya tafi," in ji Inna, "su ai suna nan."

Da ruwa ya zauna Yaya ya zo da mota. Inna ba ta fita saboda takaba, sai ta tsaya daga cikin zaure tana miƙo mana gwangwanayen ɗaya-ɗaya, tana cewa mu jira rana ta yi sanyi, kada mu binne musu wuya da yawa. A gona muka tarar maƙwabcin nan ya riga ya yi mana kunyoyi, shi da ya tsufa har ba ya miƙewa sosai. Muka fara da tumatir, wannan mun iya. Da muka zo kan gauta, Yaya ya ce tazarar kamu ɗaya ake bari, na ce ta fi haka, don tana yin rassa. Muka yi ta ja har murya ta fara tashi. Muka tambayi dattijon, ya sosa kai.

"Ni ban auna ba. Shi yana nuna da sanda, ni ina tona."

Sai kowa ya ɗauki rabi ya dasa yadda yake gani.

A gida na kwana ran nan. Da sassafe Yaya ya hau babur ya je ya dubo, ya dawo ya ce sun miƙe, kaɗan ne suka kwanta. Inna ta yi hamdala, ta ce ya zauna ya sha kunu kafin ya wuce aiki. Ya zauna a kan turmi yana sha. Can ya ɗago ya ce da ni, "Ke, irin attaruhu fa? Shi ma tsami ake bari ya yi kamar tumatir, ko shanya shi ake yi da ɓawonsa?"

Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ga ban sani ba. Na tumatir da gauta ni ke yi, na attaruhu kuwa Baba bai taɓa barin in taɓa ba, wai kada ya shiga mini ido. Muka dubi Inna. Ta ce ita dai takan ga ya ja faifai gabansa ya juya mata baya, ba ta taɓa lura ba.

Yaya ya shanye kununsa, ya kifa kofin, ya ce zai tambayi matar nan mai kayan miya in ya bi ta kasuwa. Ya tura babur ɗinsa har waje kafin ya tayar da shi.